Rijiya, kuka da ungulu: abin da masu binciken jami'a ke nema, yana ƙofar gidanmu a Salaga

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a Salaga a watan Maris ya san abin da zan faɗa. Daga ƙarfe sha ɗaya na safe, ajin da aka rufa da kwano ya zama tanda. Yara na fifita da littafi, wasu na gyangyaɗi, ni kaina alli na narkewa a hannuna saboda zufa. Bara wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi ana tsakiyar darasin lissafi, ga shi kuma azumi ne. Tun daga ranar, idan rana ta take, sai in kwashe yaran mu koma gindin wani tsohon dogon yaro da ke bayan makaranta. A can ake samun karatu.

Wannan itace ɗaya ne ya sa na fara bibiyar abin da jami'o'in ƙasarmu ke bincike a kai game da gari mai ɗorewa, wato garin da zai iya girma ba tare da ya cinye ruwansa da itatuwansa da lafiyar mutanensa ba. A da ina ɗauka maganar Ankara da Kumasi ce. Ashe da mu ake.

Na fara jin irin waɗannan tambayoyi ne a wani ƙauye da aka fara tura ni koyarwa bayan na gama kwalejin horon malamai a Tamale. Jami'ar UDS, wadda aka kafa a 1992, tana da tsarin tura ɗalibanta su zauna cikin jama'a na wasu makonni a zangon karatu na uku. Waɗanda suka zo mana sun riƙa bin gida-gida: ina kuke ɗibar ruwa, da me kuke girki, wace itaciya ce ta ɓace? Wani dattijo ya dube su ya ce, "'Ya'yana, ku da kuka je babbar makaranta, mu za ku tambaya?" Mun yi dariya a lokacin. Yanzu na gane cewa tambayar ita ce rabin binciken.

Garin rijiya dubu

Mu fara da ruwa. Salaga ta yi suna a ƙarni na 19 a matsayin babbar kasuwar goro. Fatake daga Kano da Katsina da Barno suna zuwa da jakuna, su sayi goron Asante su koma. Kakannin da yawa daga cikinmu ta wannan hanya suka zo. Kuma gaskiya ɗaya ce, ba goro kaɗai aka sayar a nan ba, an sayar da mutane. Sunan Wankan Bayi yana nan har yau yana ba da shaida.

To, ta yaya gari mai tara dubban baƙi ya rayu alhali babu babban kogi a cikinsa? Da rijiyoyi. An haƙa su da yawa cikin marmara har aka riƙa yi wa garin kirari da garin rijiya dubu. Da yawansu baki ƙarami ne, ciki da faɗi, suna tara ruwan damina su ajiye shi, rana ba ta shanye shi da wuri. Duk da haka ruwan bai wadata ba. Bafaranshen nan Binger da ya zo a 1888 ya rubuta a kan wahalar ruwa da ƙazantar garin. A shekarun 1960 kuma Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara bayanan matafiya a kan Salaga, aikin Marion Johnson.

Abin da injiniyoyi ke kira tara ruwan sama a yau, ana koyar da shi a jami'a, shi ne abin da aka yi a nan tun kafin zuwan Turawa. Amma je ka duba. An gyara kasuwar bayi da wasu rijiyoyi saboda masu yawon buɗe ido, madalla. Sauran fa? Wasu sun cika da leda, wasu an binne an ɗora gini. Mu kuma idan famfo ya ɗauke, sai ka ga yara da galan mai ruwan ɗorawa tun asuba, su iso makaranta an gama darasi na farko.

Ba ina cewa a koma shan ruwan tsohuwar rijiya kai tsaye ba ne. Mun sha wuyar kurkunu a wannan yanki, sai a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Ghana ta rabu da ita. Amma ruwan wanki, ruwan gini, ruwan ban itace, ruwan wanke bayan gida na makaranta da masallaci, duk ba sai an jira famfo ba. 'Yan uwanmu na Yendi, da su ma suka dogara da kogin Daka, sun san zafin wannan jira.

Ina ungulu ta tafi?

Akwai wuri a Salaga da ake kira Rafin Angulu, inda tarihi ya ce ake yar da gawar bayin da suka mutu. Na tambayi yaran ajina, wa ya ga ungulu a wannan shekara? Hannu biyu ko uku kawai aka ɗaga. Ni da nake yaro, mahauta korar su suke yi.

Wannan ba a Salaga kaɗai ba ne. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ungulun gari, wadda muka sani a kwata da juji, cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Dalilan da masu bincike suka kawo sun haɗa da guba, da farautarta don tsibbu, da sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai. Muna ƙyamarta, amma ita ce duba-garin da ba a biya. Idan babu ita, mushe ya daɗe a fili, ƙuda da karnuka su samu.

Haka jemage. Masu bincike sun liƙa wa irin jemagun da ke rataye a itatuwan Ankara 'yar na'ura, suka gano suna iya kai irin itace nesa har kilomita 75. Wato tsuntsu da dabbar da ke zaune cikin gari suna shuka daji.

Itatuwan kuwa, mun ga yadda aka yi da madobiya. Shekara da shekaru manyan motoci na fita da ita daga ƙasar Gonja zuwa tashar Tema, daga can zuwa Sin, duk da haramcin da gwamnati ta sha sanarwa. Gawayi kuma yana cin kaɗanya da ɗorawa. Macen da ke sayar da man kaɗe ko daddawa ita ta fi kowa sanin nisan da tafiya ta ƙara.

Bulo da kwano

Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 56.7 cikin ɗari na mutanen Ghana a birane suke zaune. Salaga ma tana faɗaɗa, musamman tun da aka ƙirƙiro Yankin Sabana. Kowa ya sami fili, abin da zai fara yi shi ne ya share komai, ya zuba bulo, ya rufa kwano, ya dafe tsakar gida da siminti. Masu bincike a Jami'ar Kwame Nkrumah sun daɗe suna nuna yadda Kumasi, wadda a da ake kira birnin lambu, ta yi asarar filayenta masu ciyayi ta wannan hanya.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Siminti da kwalta suna shan zafi da rana su sake shi da dare. Ba sa barin ruwan sama ya shiga ƙasa, sai ya kwarara ya ci hanya, rijiya kuma ta ƙafe. Katangar ƙasa mai kauri tana jinkirta zafi, shi ya sa ɗakin kaka ya fi naka sanyi da rana. Itace kuma ban da inuwa, ganyensa na fitar da laima da ke sanyaya iska.

Na yi wannan magana da wani tsohon magini a Unguwar Malam. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ticha, duk na ji. Amma wa zai ba ka 'yarsa ka kai ta ɗakin ƙasa yanzu?" Na ce, "Baba, ka yi gaskiya." Ginin ƙasa yana son gyara duk shekara, kuma mutane na kallonsa alamar talauci. Binciken da bai lura da wannan ba, a kan kanta zai ƙare. Amma akwai tsaka-tsaki: a ɗaga rufi, a sa silin, a buɗe tagogi suna kallon juna, a bar itace biyu kafin a ja igiyar harsashi.

Me za mu iya?

A 2021 gwamnati ta fara ware rana guda ta dashen itatuwa a watan Yuni. Mun dasa, mun ɗauki hoto, kafin Kirsimeti awaki sun gama da su. A Maradi ta Nijar, tun shekarun 1980 manoma suka ɗauki wata hanya: maimakon dasa sabo, sai a bar kututturen da ya tofo, a rage masa rassa, a kula da shi. Tushensa ya riga ya yi zurfi, ba ya buƙatar ban ruwa. An gwada haka a Talensi, a yankin da Bawku take, kuma ya karɓu.

Ni dai ga abin da na fara da yarana. Kowane yaro zai tambayi kakansa rijiyar da ya sani a unguwarsu, da babbar itaciyar da aka sare, mu rubuta, mu zana taswira. Idan ta kammala zan kai wa ɗan majalisar unguwarmu da limamai, in kuma aika wa malaman jami'a a Tamale. Su suna da na'urar gwada ruwa, mu muna da sanin wuri.

Roƙona ga masu bincike shi ne, idan kun gama, ku dawo ku faɗa mana abin da kuka gano, da Hausa da Gonjanci, a rediyo ko a ƙofar masallaci. Roƙona ga 'yan uwana na zango kuma, haƙa rijiya da dasa itace sadaka ce mai gudana, duk mun ji wannan a wa'azi. Hana a cika ta da shara ma ai lada ne.

Dogon yaron bayan makarantarmu, na ji ana shawarar sare shi don a ƙara aji. Ranar taron iyayen yara zan miƙe in yi magana. Allah Ya sa a saurara.