Me ya sa rumbun bayanai ke ƙin amsa sallama? Darasi daga iyakar Jibiya

Ɗalibai da yawa cikinmu sun fara koyon haɗa shafin intanet, wasu a ɗakin kwamfuta na makaranta, wasu a shagunan koyar da kwamfuta. Amma akwai inda kusan kowa ke yin tuntuɓe: ka girka Django ko Laravel lafiya lau, kana kunna shafin sai jan rubutu ya cika allo, wai an kasa haɗuwa da rumbun bayanai. A nan wasu ke karaya su jefar da karatun, alhali matsalar ba ta wuce binciken abubuwa huɗu ba.

Rumbun bayanai shi ne ma'ajiyar da shafi ke zuba sunaye, kuɗaɗe da sakamakon jarrabawa. Manhaja ce mai zaman kanta, kamar MySQL ko PostgreSQL, don haka dole shafinmu ya je wurinta ya nemi izinin shiga. Tafiyar ta yi kama da ta direban da ya ɗauko kaya daga Katsina, zai bi ta Magama a ƙaramar hukumar Jibiya, ya tsallaka Ɗan Isa, ya nufi Maraɗi.

Na farko, shin iyakar a buɗe take? An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a watan Agustan 2019, ta Jibiya kuwa sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. A waɗannan lokuta, komai cikar takardun direba ba ya wucewa. Haka rumbun yake: idan ba a kunna shi ba, za mu ga saƙon “Connection refused”. Masu amfani da XAMPP su duba ko sun danna maɓallin tayar da MySQL.

Na biyu, adireshi da ƙofa. Idan rumbun yana cikin kwamfutarmu, adireshinsa localhost ne, ko 127.0.0.1. Kowane rumbu kuma yana da lambar ƙofar da yake sauraro ta ciki: MySQL 3306, PostgreSQL 5432. Wanda ya rubuta lambar wannan a wurin wancan, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa a bayanta.

Na uku, takardun shaida. Saƙon “Access denied” na nufin mun isa bakin shinge, jami'i ya duba takardunmu ya ga ba su yi daidai ba. Wato sunan mai amfani ko kalmar sirri ne ke da kuskure. A Django za mu gyara su a fayil ɗin settings.py, a Laravel kuma cikin .env. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a kalmar sirri, sai mu lura. Masu Laravel su tuna cewa manhajar kan riƙe tsofaffin saituna, umarnin php artisan config:clear ne ke share su.

Na huɗu, gidan da za a sauke kaya. “Unknown database” na cewa an bar mu mun shiga, amma babu rumbu mai wannan suna. Sai mu ƙirƙire shi tukuna, sannan mu ba da umarnin migrate domin a gina teburan cikinsa.

Akwai kuma lokacin da laifin ba namu ba ne, hanyar ce ta yanke. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Jibiya. Ranar 14 ga Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama a Najeriya suka shiga tangarɗa. Idan rumbun yana wata ƙasa, irin wannan yankewa kan sa shafi ya yi ta jira har lokacinsa ya ƙare. Abin daɗin shi ne, rumbun da ke cikin kwamfutarmu ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. Django ma da SQLite yake farawa, rumbu ne da ke zaune cikin fayil guda, ba kalmar sirri, ba lambar ƙofa. Ɗalibin Jibiya zai iya ci gaba da gwaji ko da sabis ya ɗauke.

Shawararmu ita ce mu karanta saƙon kuskuren a tsanake, musamman layin ƙarshe a Django, mu canza abu ɗaya kacal kafin mu sake gwadawa, mu kuma rubuta abin da muka canza a littafi. Sannan kada mu ɗauki hoton allo mai ɗauke da kalmar sirri mu tura zauren WhatsApp don neman taimako, sai mun rufe ta.

Garin da kaya ke shiga da fita kullum yana buƙatar masu iya tsara lissafin 'yan kasuwa da na direbobi a kwamfuta. A wannan mako, kowa ya gwada: ya sauya lambar ƙofa da gangan, ya karanta abin da allo zai ce, sannan ya mayar da ita daidai.