Waƙar Kewar Gida Da Ta Zama Taken Jiha A Amurka

Waɗanda ke makarantar kwana a cikinmu sun san yadda kewar gida take kama mutum, musamman da dare bayan an kashe fitila. A Amurka akwai wata waƙa da ta shafe fiye da shekara 50 tana taɓa wannan mikin, wato "Take Me Home, Country Roads" ta John Denver. Tana cikin salon kiɗan kantiri, kiɗan mutanen karkara da aka fi yi da jita, irin na su Don Williams da iyayenmu suka sha ji a rediyo.

Waƙar ta fito a 1971, ta kuma kai matsayi na 2 a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a ƙasar. Muryar matafiyi ce a cikinta, yana begen duwatsu da koguna da hanyoyin ƙauye na jihar West Virginia, yana jin ya daɗe bai koma ba.

Abin mamaki, babu ɗan jihar ko ɗaya cikin mutum uku da suka rubuta ta. Bill Danoff da Taffy Nivert ne suka faro ta suna tafiya a mota a wata hanyar karkara a jihar Maryland, kuma a lokacin Danoff bai taɓa zuwa West Virginia ba. Shi kuwa Denver ɗan sojan sama ne, ya taso ana yawo da shi daga wannan gari zuwa wancan, ba shi da ƙauyen da zai kira nasa.

To, me ya sa mutanen jihar suka rungume ta? Amsar tana cikin tarihinsu. Arzikin West Virginia ya dogara ne da haƙar gawayin ƙasa. Da injuna suka karɓe aikin hannu, dubban ma'aikata suka rasa abin yi, suka kwashi iyalansu zuwa masana'antun Ohio da Michigan. A 1950 mutanen jihar sun ɗan haura miliyan 2, amma zuwa 1970 sun ragu zuwa kimanin miliyan 1.7. Waƙar ta iske mutanen da neman abinci ya raba da gida, ta faɗi abin da ke ransu.

Tun 1972 ake rera ta a wasannin ƙwallon jami'ar jihar, kuma a 2014 majalisar dokokin jihar ta sanya ta cikin taken jihar na hukuma.

Sai dai waƙa ba ta mayar da kowa gida ba, don har yau jihar na fama da ƙaurar matasa. Da yawanmu ma za mu bar ƙauye saboda karatu ko aiki. Idan mun samu ilimin, me za mu koma da shi wanda zai sa ƙannenmu su iya zama a gida?