Abin da ke sa mamurɗan mandolin su cije ko su saki

Mandolin ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya takwas na ƙarfe, an jera su bibbiyu, kowane biyu na ba da sauti iri ɗaya. Wannan tsari shi ne ke ba ta zaƙin amo, kuma shi ne ke wahalar da masu kaɗa ta, domin idan ɗaya daga cikin tagwayen tsirkiyar ta ɗan sassauta ko da kaɗan ne, kunne zai ji saɓanin nan take.

Irin mandolin da aka fi sani a yau ta samo asali ne daga birnin Naples na ƙasar Italiya a ƙarni na 18, inda zuriyar Vinaccia ta yi fice wajen ƙera ta. A wancan lokaci da turakun katako ake ɗaure tsirkiyar, kamar yadda har yanzu ake yi wa goge irin na Turawa da kuma udu na Larabawa. Wajajen shekarar 1835 ne, kamar yadda masana tarihin kiɗa ke dangantawa ga Pasquale Vinaccia, aka koma amfani da tsirkiyar ƙarfe mai ƙarfi tare da mamurɗai masu haƙora. Daga nan abin ya bazu zuwa Amurka, inda Bill Monroe ya gina kiɗan bluegrass a kanta, da Brazil, da Indiya, da kuma Aljeriya inda 'yar uwarta mai suna mandole ta zama ginshiƙin kiɗan sha'abi.

Masu garaya da molo a ƙasar Hausa da tsirin fata suke ɗaure tsirkiya a jikin sanda, su ja ko su sassauta da hannu. Hakan ba zai yiwu a mandolin ba, saboda jimillar nauyin da tsirkiyoyinta takwas ke ja ya kai kimanin kilo 80.

Yadda na'urar ke aiki

Kowane mamurɗi yana da ɗan kai da ake kamawa da yatsu, wanda ke manne da sanda mai zare irin na sukuru. Zaren yana shiga tsakanin haƙoran wani ɗan faifan ƙarfe, faifan kuma yana juya turken da tsirkiya ke naɗe a jiki. A yawancin na zamani sai an murɗa kan sau 14 zuwa 18 kafin turken ya zagaya sau ɗaya.

Bambancin mandolin da jita irin ta zamani shi ne, mamurɗai huɗu ne ke zaune a kan farantin ƙarfe guda a kowane gefe. Ke nan tilas ramuka huɗu da aka huda a katako su yi daidai da turaku huɗu a lokaci ɗaya. Kuskuren da bai kai rabin milimita ba a rami ɗaya ya isa ya sa turken ya karkace yana gogar bangon ramin.

Idan mamurɗi ya cije

Masu gyaran kayan kiɗa kan fara da gwaji mai sauƙi: a sassauta tsirkiyar gaba ɗaya, sannan a murɗa. Idan har yanzu da tauri alhali babu abin da ke jan turken, to matsalar tana cikin ƙarfen ne. Sau da yawa tsohon giris ne ya bushe ya haɗu da ƙura ya zama kamar danƙo, ko kuma tsatsa ta kama. Maganinsa a kwance farantin daga jikin katako, a wanke haƙoran da tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir ba tare da ya taɓa kawunan roba ba, a bar shi ya bushe, sannan a ɗiga man keken ɗinki ɗan kaɗan a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Yawan mai ba ya da amfani, ƙura yake tarawa, kuma idan ya tsiyaya cikin katako yakan lalata ramukan sukuru.

Idan kuwa ya juya salin-alin bayan an kwance shi, amma da an mayar da shi ya sake cijewa, to zamansa a katakon ne bai yi daidai ba. Abin da aka fi samu shi ne an matse ƙananan sukuran da ke riƙe farantin fiye da kima har ya ɗan lanƙwashe. A kan sassauta su duka, a ɗaura tsirkiya domin turakun su sami mazauninsu, sannan a ɗaure su a hankali iya inda suka kama. Haka nan sukurun da ke tsakiyar faifan haƙora, idan aka matse shi da yawa yakan danne faifan a kan farantin. Sassauta shi da kashi ɗaya bisa takwas na zagaye kan isa.

Zoben ƙarfen da turke ke fitowa ta cikinsa a fuskar katako shi ma abin dubawa ne. Idan ya ɗago ko ya karkace, tsirkiya za ta ja turken gefe guda, haƙoran kuma su cije. Sauyin yanayi na da hannu a nan, domin katako yana kumbura da damina ya tsuke a lokacin rani, ƙarfe kuwa bai damu da laima ba.

Akwai kuma taurin da ba na mamurɗi ba ne sam. A ƙarshen wuyan mandolin akwai ɗan ƙashi mai tsagogi takwas da tsirkiyoyi ke bi ta ciki. Idan tsagar ta yi wa tsirkiya kaɗan, sai mai kiɗa ya yi ta murɗawa sauti bai motsa ba, can sai a ji wani ɗan ƙara, sautin ya yi tsalle ya wuce inda ake nema. Goga bakin fensir a cikin tsagar kan rage matsalar, idan ta ci gaba sai mai gyara ya faɗaɗa ta da zarto na musamman.

Idan ya saki

Masu koyo kan yi zargin cewa mamurɗi ne ke warwarewa da kansa idan sauti ya riƙa sauka. Wannan ba kasafai yake faruwa ba, saboda tsarin na'urar ya sa sanda mai zare ce kaɗai ke iya juya faifan, faifan ba ya iya juya ta. Galibi sabuwar tsirkiya ce ke miƙewa, ko kuma ba a naɗa ta da kyau a turken ba tana zamewa.

Sakin gaske shi ne wanda za a murɗa kan ya yi tafiya kafin turken ya motsa. Ɗan irin wannan sarari yana cikin kowace na'ura mai haƙora, shi ya sa makaɗa ke sauke tsirkiya ƙasa da sautin da suke so, sannan su hau da ita zuwa gare shi, domin haƙoran su tsaya a danne. Idan sararin ya yi yawa, a duba sukurun faifan ko ya kwance, a duba kan da ake kamawa ko ya tsage yana juyawa shi kaɗai a kan sandarsa. Ramin sukurun da ya faɗaɗa a katako kuma ana cike shi da tsinken sakace da ɗan gam na kafinta, a bari ya bushe kafin a mayar. Haƙoran da suka cinye ba su da gyara, sai canji.

Kafin a cire dukkan tsirkiyoyin ya kamata a yi alamar wurin da jakin yake zaune, wato katakon da ke ɗauke da su a kan cikin mandolin, domin ba a manne yake ba, nauyin tsirkiya ne kawai ke riƙe shi. Idan ya goce, sautin kowane mataki a wuyan zai ɓaci.

Batun canji shi ne ya fi haɗari. Kamfanoni irin su Schaller na Jamus, da Gotoh na Japan, da Grover na Amurka suna ƙera mamurɗai da tazarar kimanin milimita 23 tsakanin turke da turke, alhali tsofaffin mandolin na Gibson na farkon ƙarni na 20 tazararsu ta ɗan fi haka. Akwai kuma bambanci tsakanin waɗanda sanda mai zare ke saman faifan da waɗanda take ƙasansa. Wanda ya sayo ba tare da ya auna ba, ko dai ya cusa da ƙarfi ya dawo da taurin da yake gudu, ko ya sake huda katakon. A tsohuwar mandolin hakan asara ce babba: samfurin F-5 da Lloyd Loar ya sa wa hannu a kamfanin Gibson tsakanin 1922 da 1924 an sha sayar da shi fiye da dala dubu 100, kuma masu saye suna duba ko mamurɗan na asali ne da ko an taɓa ramukan. Saboda haka masu gyara sukan gwammace su wanke tsofaffin su mayar, idan kuma dole ta sa aka canja, su ajiye na asalin a cikin akwatin mandolin ɗin.