Bilma: Nisan Sama da Nisan Ƙasa

Garin Bilma, wanda yake a yankin Kawar da ke arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, dausayi ne a tsakiyar Sahara, wato wurin da ruwa ke ɓulɓulowa daga ƙasa har ya raya dabino, alhali ruwan sama kan yi shekara bai sauka na a zo a gani ba. Mazaunansa, waɗanda galibinsu Barebari ne da Tubawa, sun dogara ga dabino da kuma gishirin da ake haƙowa a ramukan Kalala, inda ake barin ruwan gishiri ya ƙafe a rana sannan a zuba shi a mazubi ya daskare ya zama kantu.

Idan aka auna a miƙe, kamar yadda jirgin sama ke bi, tsakanin Bilma da Agadas, babban birnin jihar da Bilma ke ciki, kimanin kilomita 560 ne, tazarar da ƙaramin jirgi zai ci a cikin awa biyu ko ƙasa da haka. Sai dai filin jirgin da ke kusa yana Dirku, kimanin kilomita 40 a arewa, kuma jiragen da ke sauka can mafi yawa na soja ne ko na hukuma, don haka wannan lissafi bai shafi talakan Kawar ba. Shi abin da ya sani shi ne babbar mota, wadda kan kwashe kwana biyu zuwa uku tana ratsa Tenere, hamadar yashi da ba ta da kwalta, sau da yawa cikin jerin gwano da rakiyar sojoji.

Tun kafin zuwan mota akwai ayarin raƙuma, wanda Buzayen Azbin ke tayarwa da kaka, ɗauke da geron da suka saya a ƙasar Hausa da kuma dammunan ciyawa, tunda babu kiwo a hanya. Madugu, wato jagoran ayari, yakan bi taurari da yanayin tudun yashi har a ya da zango a Fachi, kuma tafiyar kan ɗauki kusan mako biyu kafin a kai Bilma, inda ake musanya gero da gishiri da dabino, daga baya kuma kantun ya gangara kasuwannin Damagaram da Kano domin dabbobi. A wannan tafiya ba a ƙirga kilomita, rijiyoyi ake ƙirgawa, da yawan kwanakin da ruwan salka zai kai.

Wannan bambanci tsakanin awa biyu da kwana uku shi ke tsara rayuwar garin, domin kowane buhun hatsi da kowace jarkar mai sai an ɗora musu kuɗin hamada kafin su kai hannun mai saye, ɗalibin da ya tafi karatu birni kuma ba ya leƙo gida sai da dogon hutu. Nauyin ya fi tsanani ga mai naƙudar da ta zo da gardama ko majinyacin da aikinsa ya fi ƙarfin asibitin gunduma, waɗanda hanyar sama za ta iya kai su Agadas tsakanin hantsi da azahar, amma ake kwantar da su a bayan mota saboda babu jirgin da aka tanada dominsu.