TSUFA DA RAGUWAR CI: NAZARI A KAN GIRKI DA CIYAYYA A ƘASAR DAWANAU

Gabatarwa

Garin Dawanau yana cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, a bakin hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta nufi Katsina. Yana cikin karkarar nan mai cunkoson jama'a wadda ta kewaye birni, inda gona ke jingine da gona, ana noma ta kowace damina ba hutu, ana ciyar da ita da taki. Mortimore da Wilson sun bayyana yanayin wannan karkara a nazarin da suka wallafa a 1965. Tun daga 1985, lokacin da aka kafa kasuwar hatsi a garin, sunan Dawanau ya zama ɗaya da gero da dawa da masara da wake da riɗi, har ana lissafa kasuwar cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma.

To, amma yalwar hatsi a kasuwa ba ta tabbatar da cewa kowane ciki ya samu rabonsa ba. A ƙauyukan wannan yanki, kamar sauran ƙasar Hausa, akan tarar da tsoho ko tsohuwa an ajiye musu kwano, su ɗan tsakura su ture. Akan kuma tarar da tsohuwar da ta shekara arba'in tana tuƙa tuwon mutum ashirin, yau ko kunun bakinta ba ta da marmarin damawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda Bahaushe ke faɗar wannan hali, da abubuwan da ke kawo shi, da kuma abin da al'ada ta tanada wanda zai taimaka.

Yadda harshe ya bayyana matsalar

Bahaushe ya bambanta yunwa da marmari da kwaɗayi. Yunwa kiran ciki ce, marmari kuwa begen wani abinci ne da aka daɗe ba a ci ba, kwaɗayi kuma zarin abin daɗi ne, wanda ake ɗauka aibi ga babba. Kalmar ci kanta takan ɗauki ma'anar sha'awar abinci, shi ya sa ake cewa wane cinsa ya ragu, ko wance ba ta da ci. Tsohon da abin ya kama ba ya cewa yana ƙin abinci. Abin da akan ji daga bakinsa shi ne bakinsa ba daɗi, ko miyar lami ce, ko tuwon ya ginshe shi, ko kuma ya ce shi dai a ba shi ruwa-ruwa.

A nan akwai abin lura. Tarbiyyar Bahaushe ta hana babba ya nuna damuwa da abin da za shi ciki. Dattijo ba ya cewa yana jin yunwa, uwar miji kuma tana yi wa matar ɗanta kara, ba za ta ce tuwonta ya yi tauri ba. Saboda haka kalmar "na ƙoshi" a bakin tsoho tana iya nufin ƙoshi na gaske, tana iya nufin haƙori ya gaza, tana kuma iya nufin zuciya ba ta da daɗi. Har ila yau, kwanon da ya koma madafa wayam ba shaida ba ce cewa an ci, domin sau da yawa jikoki ne ko almajirai suka side shi, tsohuwa tana kallo tana sa musu albarka. Ta haka kunya da kawaici, waɗanda halaye ne na yabo, sukan lulluɓe rama har ta yi nisa.

Matsayin girki a rayuwar mace

Ba za a fahimci dalilin da ke sa tsohuwa ta juya wa murhu baya ba sai an fahimci abin da girki ke nufi a gidan Bahaushe. Kalmar ta wuce ɗora tukunya. Ranar girki ita ce ranar da mace ke riƙe da gida da miji, a gidan kishiyoyi kuwa akan yi ta kwana bibbiyu. Mai girki ke karɓar awo da cefane, ita ke surfe da daka da tankaɗe, ita ke talge da tuƙi, sa'an nan ita ke riƙe da mara wajen kwasa, watau ita ke ƙayyade malmalar kowa. Hatta masu binciken harkokin noma na Samaru, irin su David Norman, da suka so su ƙidaya iyali a ƙauyukan Zariya, ma'aunin da suka ɗauka daga bakin manoma shi ne mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya.

Idan ɗa ya yi aure ya kawo mata cikin gandu, uwa takan sauka daga girki, a riƙa kai mata kwanonta har ɗaki. Wannan hutu ne da girmamawa, kuma kowace uwa tana fatan ta gan shi. Sai dai da muciya ta bar hannunta, wasu abubuwa sukan tafi tare da ita. Ba ta da ta cewa a kan abin da za a dafa. Ƙamshin daddawa da ƙaurin ƙanzo, waɗanda ke tada sha'awa tun kafin a sauke tukunya, sun yi mata nisa. Motsin jiki na daka da ɗiban ruwa, wanda ke kawo yunwa, ya ragu. Idan kuma miji ya rasu, ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma, sai dalilin girkin ma ya tafi, gama mace ta saba yi wa wasu girki, ba ta saba hura wuta saboda bakinta kaɗai ba.

Ciyayya da abin da ya same ta

Ta wajen maza kuwa, al'adar da ta riƙe cin tsoho ita ce ciyayya. Bayan sallar magariba ko lisha, magidanta sukan fito da akusansu zaure ko ƙofar gida, a ci na wannan a koma na wancan, ana hira. Wanda aka ga hannunsa ya yi sanyi akan tambaye shi ko lafiya. Karin maganar da ke cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya ta samu goyon bayan bincike, domin a 1989 wani masani a Amurka, John de Castro, ya nuna cewa abin da mutane ke ci cikin jama'a ya fi wanda suke ci su kaɗai da kimanin kashi 44 cikin ɗari.

Wannan al'ada ta yi rauni a yankin Dawanau saboda dalilai da ake gani da ido. Gandu yana watsewa da wuri, kowane ɗa ya ware tukunyarsa. Birni ya matso, gonaki da dama sun koma filayen gini da ɗakunan ajiyar hatsi. Samari da magidanta suna wuni a kasuwa wajen dako da awo da dillanci, a can suke cin na rana, wani lokaci har da na dare. Cimar gida ita ma ta sake: shinkafa da taliya sun rage wa tuwon dawa da na gero wuri, kuma waɗannan ba su ne abin da harshen tsoho ya tashi da shi ba. Daɗin daɗawa, sa'o'in tsoho da yake ciyayya da su suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, har ya wayi gari shi kaɗai a kan buzunsa.

Abin da ke faruwa a jiki

Likitoci sun daɗe da lura da raguwar ci a tsufa, kuma a 1988 John Morley da abokin aikinsa Silver suka yi rubutun da ya sa aka soma ɗaukarta a matsayin matsala mai zaman kanta. Dalilanta na jiki sanannu ne. Jin ƙamshi yana dusashewa da shekaru, kuma yawancin abin da muke kira ɗanɗano daga hanci yake. Tumbin tsoho yana jinkirin sauke abin da aka zuba masa, sinadaran da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi kuma suna ƙaruwa, sai loma kaɗan ta cika shi. Yawu yana raguwa, haƙora suna zubewa, nama da ƙuliƙuli da rogo su gagara. Jin ƙishirwa ma yana raguwa, abin da ke da hatsari a watannin bazara. Wasu magunguna da tsofaffi ke sha kullum, musamman na ciwon sukari da na zuciya, sukan kashe baki ko su kawo tashin zuciya. Goro, abokin hirar tsofaffi, yana danne yunwa, haka ma taba.

Illar ba ta tsaya ga rama ba. Idan abinci ya gaza, jiki yakan koma cin tsokarsa, ƙafa ta yi rauni, tashi daga tabarma ya zama aiki, faɗuwa da karaya su yi sauƙi, ciwo kuma ya daɗe bai warke ba. Rashin ƙarfin yana hana motsi, rashin motsi ya ƙara kashe ci. Gaskiyar Bahaushe ce da ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka kuskure ne a ce wa kowace raguwar ci tsufa ne kawai. Ma'aunin likitoci shi ne, wanda ya rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa a tsakanin wata shida zuwa shekara, ba da nufinsa ba, ya kamata a bincike shi. Ga mai kilo 60, kilo 3 ke nan. A gidan da babu sikeli, zanen da ya soma zarcewa, da zoben da ke zamewa, da kumatun da suka faɗa, sun isa alama. Haka nan wahalar haɗiya, da tari mai daɗewa, da baƙin bayan gida, da yawan amai, domin tarin fuka da gyambon ciki da ciwon ƙoda da ciwon daji duk sukan fara da ƙin abinci.

Akwai kuma ciwon damuwa da gigin tsufa. A nan sunan garin kansa ya zama cikas, gama a bakin Kanawa, "a kai shi Dawanau" magana ce ta zolaya, saboda asibitin masu taɓin hankali da ke can. Tsoron wannan suna yakan sa iyali su ɓoye tsohuwar da ta daina ci da magana bayan rasuwar miji ko ɗa, alhali damuwa ciwo ce da ake warkewa da magani da kulawa.

Abin da gida zai iya yi

Mafi yawan maganin yana cikin madafar Bahaushe. Da yake cikin tsoho ba ya ɗaukar da yawa, ya fi kyau a ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, maimakon a tara masa malmala da dare. Kuma kowane ludayi ya zama mai amfani. Masana sun ba da shawarar tsoho mai lafiyar ƙoda ya samu giram 1 zuwa 1.2 na furotin, watau sinadarin gina jiki, ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 50 yana bukatar giram 50 zuwa 60, ƙwai ɗaya kuwa yana ba da kimanin giram 6. Koko tsararo ba zai kai shi nan ba, amma kunun gyaɗa, da fura mai kindirmo, da alale, da faten wake, da dafaffen ƙwai, da naman da aka dafa ya yi lugub, da miyar kuka ko ta zogale mai man shanu, duk suna shiga ba tare da wahalar tauna ba. Wake da gyaɗa da waken suya kuwa ga su nan a kasuwar garin.

Idan baki ya mutu, kada a ƙara gishiri da dunƙulen ɗanɗano, saboda hawan jini. A nemi tsamiya da yakuwa da lemon tsami da citta da daddawa, su ne ke tada harshe. A jinkirta goro sai bayan an ci. A ajiye ruwa kusa, a riƙa tuna masa sha. Game da azumi, malaman Malikiyya sun bayyana cewa tsohon da ba zai iya ba yana da rangwamen ya sha, an kuma so ya ciyar da miskini, don haka bai kamata kunyar idon jama'a ta sa ya cuci kansa ba. Ya zo kuma a hadisi cewa Nana A'isha takan sa a dama wa majinyaci da wanda aka yi wa rasuwa wani kunun sha'ir mai suna talbina, abin da ya yi daidai da al'adarmu ta kai kunu gidan makoki.

Abu mafi muhimmanci shi ne a maido wa tsoho abokin ci, a maido wa tsohuwa hannu a girki. Ko ba ta iya tuƙi, tana iya gyaran wake, da tsinke zogale, da ɗanɗana miya, da koya wa 'yan mata kaɗa kuka ko haɗa daddawa. A riƙa tambayarta abin da take marmari. Jika kuma yana da damar da ɗa ba shi da ita, domin wasan da ke tsakanin kaka da jika ya ba shi ikon ya zauna da ita a kwano ɗaya, ya tsokane ta, ya ce matarsa ta rame za shi sake wata, har ta ƙara loma tana dariya.

Kammalawa

Hukumomi sun soma waiwayar tsofaffi. An buɗe cibiyar kula da lafiyarsu a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2012, Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe 2021 zuwa 2030 domin tsufa cikin lafiya. Duk da haka, tsohon ƙauye a hannun iyalinsa yake, su ne za su fara ganin zanen da ya zarce da kwanon da ba a taɓa ba. Ya kamata mai gida ya san wanda ya cinye abin da aka kai ɗakin mahaifiyarsa, ya kuma zauna ya ci tare da mahaifinsa ko da sau ɗaya ne a yini, in kuwa ya ga rama ta soma, ya kai shi asibiti tun da sauran ƙarfi. Allah ya ba mu ikon sauke hakkin iyaye, amin.