Ƙumshiyar da ta buɗe a kwamfutarka ba ita ce shaida ba

Akwai wata fahimta da ta yaɗu tsakanin ɗalibai masu miƙa kundin bincike a faifan CD, da masu shagunan buga takardu, da ma'aikatan da ke tattara maƙalun taro. Cewa suke yi idan ka shirya ƙumshiya, ka saka wa kowane babi mahaɗi, ka danna fayil ya buɗe, to aiki ya kammala, saura a ɗora komai a faifai a miƙa. Masu wannan ra'ayi ba sakaci suka yi ba. Sun gwada da hannunsu, kuma an ce gani ya kori ji. Sai dai abin da suka gani bai tabbatar da abin da suke zato ba.

Mahaɗi ba ya ɗauke da fayil a cikinsa. Kwatance ne kawai na inda fayil yake, kuma kwatancen iri biyu ne. Akwai cikakke, wanda ke farawa daga tushen kwamfuta, kamar C:\Users\Dalibi\Documents\kundi\babi1.pdf. Akwai kuma wanda ke farawa daga inda ita ƙumshiyar take zaune, kamar babobi/babi1.pdf. Wanda ya ce "takardar tana cikin akwatin nan, ƙarƙashin littafi" maganarsa na nan daram ko ina aka kai akwatin. Wanda ya ce "tana kan teburin ɗakina" bai amfani mutumin wani gari da komai ba. Faifai kuwa don tafiya aka yi shi.

Wani zai ce: ai ni bayan na ɗora, daga faifan na buɗe, kuma komai ya yi aiki. Nan ne ruɗun ya fi ƙarfi, don haka ya kamata mu tsaya a kansa. Ƙumshiyar ce aka buɗe daga faifai, amma babin da ya bayyana mai yiwuwa daga C: ya fito, domin asalin fayilolin suna nan a kwamfutar da aka yi aikin. Mahaɗin ya tsallake faifan ya koma gida, ido kuwa ba zai gane bambancin ba, tunda shafin ɗaya ne. Sai faifan ya isa hannun malami mai duba aiki, wanda ba shi da waccan folda, sannan saƙon "ba a sami fayil ba" ya fito. A lokacin ba mai gyara, domin abin da aka rubuta a CD-R ba ya goguwa.

Wani kuma zai ce mafita ita ce a canza C: zuwa D:, tunda nan faifai yake fitowa. A kwamfutarka ke nan. A wata zai zama E: ko F:, gwargwadon yadda aka rarraba ma'ajiyarta. Kwamfutocin macOS da Linux ma ba sa amfani da waɗannan haruffa sam.

Sai batun sunaye, wanda a ganina an fi raina shi. Faifan CD yana da nasa tsari, ISO 9660, wanda aka kafa a 1988. A matakinsa na farko suna ba ya wuce haruffa 8, da 3 bayan ɗigo, duka manya. A 1995 kamfanin Microsoft ya ƙara tsarin Joliet, wanda ya kai iyakar zuwa haruffa 64. Fayil mai dogon take irin na kundin digiri yana iya wuce wannan, manhajar ɗora faifai ta datse sunan, mahaɗin kuma ya ci gaba da neman tsohon suna. Haka nan Windows ba ya bambanta Babi1.pdf da babi1.pdf, amma Linux na bambantawa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, Joliet na iya ɗaukar su, sai dai ba kowace manhaja ke bi da su lafiya a cikin mahaɗi ba. Ina daga cikin masu kishin a rubuta Hausa da ƙa'idarta, kuma a rubutun ƙumshiyar dole su fito daidai. A sunan fayil kawai nake ba da shawarar a bar su.

Gyaran ba shi da wuya, in dai an fara shi da wuri. A buɗe folda guda, a zuba dukkan fayiloli da gajerun sunaye marasa tazara, a adana ƙumshiyar a cikinta tun kafin a saka mahaɗi ko ɗaya, domin takardar Word da ba a adana ba ba ta da mazaunin da za a auna kwatance daga gare shi. A yi hattara wajen mayar da ita PDF, don sau da yawa a nan gajeren kwatance ke rikiɗa ya koma cikakke. Shafin HTML mai sauƙi ya fi aminci, tunda kana ganin abin da ka rubuta. Daga nan a kwafe foldar a filashi, a kai ta kwamfutar da ba ta taɓa ganin fayilolin ba, a danna babobin ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗora a faifai.