Guragun da Suka Ɗaga Sunan Nijeriya da Ƙarfin Damtse

A shekarar 2012, 'yan wasan da Nijeriya ta aika gasar Olamfik a birnin Landan sun komo gida hannu rabbana, ko lambar tagulla ɗaya ba su samo ba. Bayan 'yan makonni kaɗan aka buɗe gasar nakasassu a wannan birni, sai ga tawagar ƙasar nan ta kwaso lambobi 13, shida daga ciki na zinariya. Goma sha biyu daga cikin lambobin nan kuwa wasa guda ne ya kawo su, watau ɗaga ƙarfe mai nauyi.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake wasan, domin ya gane girman abin. Ɗan wasa yakan kwanta rigingine a kan benci, ya sauko da sandar ƙarfe har ƙirjinsa, ya tsai da ita cik, sa'an nan ya tura ta sama har hannuwansa su miƙe sarai. Alƙalai uku ne ke dubawa, kuma sau uku ake ba kowa dama. Ƙafa ba ta da wani taimako a nan. Aikin ƙirji ne da kafaɗa da damtse. Shi ya sa waɗanda shan-inna ta raunana wa ƙafafu tun suna yara suka yi fice a wasan.

A Landan, Yakubu Adesokan, wanda ya shiga ajin masu nauyin kilo 48, ya ɗaga kilo 180, abin da babu wanda ya taɓa yi a ajinsa kafin ranar. Watau ya tura kusan ninki huɗu na nauyin jikinsa. Duk wanda ya taɓa ciccibar buhun siminti mai kilo 50 sai ya ƙiyasta uku da rabi a kan ƙirjinsa.

Amma in ana maganar daɗewa ana cin nasara, Lucy Ejike ce kan gaba. Ta fara da azurfa a Sidni a 2000, ta ci zinariya a Atan a 2004 da Bejin a 2008, ta koma azurfa a Landan. Da aka je Riyo ta ƙasar Barazil a 2016, ta ɗaga kilo 142, ta kafa sabon tarihin duniya, ta sake karɓar zinariya. A Tokiyo ma ba ta dawo haka nan ba, ta samo tagulla. Gasa shida ke nan a jere, fiye da shekara ashirin, kowacce da lambarta. Abin mamaki shi ne, ɗalibin da zai lissafa sunayen 'yan ƙwallon Ingila ba tare da numfasawa ba, da wuya ya san sunan wannan baiwar Allah.

A Riyo ɗin dai, Siamand Rahman na ƙasar Iran ya ɗaga kilo 310, ya zama nakasasshe na farko da ya haye 300 a gasa. Allah ya yi masa rasuwa a watan Maris na 2020 yana da shekara 31.

Har ila yau matan Nijeriya ba su saki ragamar ba. A birnin Faris a 2024, Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167 a ajin mata mafi nauyi, ta kafa sabon tarihin duniya, ta ƙara zinariya a kan wadda ta ci a Tokiyo.